A Gidanmu Baƙo Kawai Ake Yabo

Ga baiwar Allahn da ta rubuto min makon jiya cewa mace mai shekara talatin da takwas ba ta da hurumin yanga, na gode. Goggona ta riga ki faɗa, kuma ta fi ki iya tsara shi.

Ga sababbin shigowa kuma, sunana Nuria. Ina koyar da baƙi Sifaniyanci a wata makaranta a cikin birnin Valencia. Iyayena suna ƙauye, bakin gonakin shinkafa, tafiyar minti arba'in a mota. Akwai wani mutum mai suna Fermín da ya ce yana so ya aure ni, na ce masa zan yi tunani. Yau kwana ashirin da uku ke nan ina tunanin.

Shi ba mai takura ba ne, ofishinsu ne mai takura. Aikinsa duba sikeli. Zai shiga kasuwa da 'yar jakarsa ya tabbatar kilon mai kifi kilo ne, ba kilo saura kwata ba. An ba shi damar komawa garinsu Soria, can kan tudu inda sanyi ke hana mutane yawan magana, aka ce ya ba da amsa ranar Litinin. Gobe ke nan. Ya faɗa min ba tare da ɗaga murya ba: in na ce eh zai zauna, in kuwa ina nan ina tunani, zai tafi ya ba ni wuri in yi tunanin a nitse.

Bari in fara daga Alhamis.

Ranar darasinmu ya faɗo kan kalmomin suka da yanke wa mutum hukunci. Littafin ya kawo goma sha biyu, na ƙara musu tara daga aljihuna. Akwai ta kushe abu, akwai ta zargi, akwai ta gori, wadda mu muke cewa jefa wa mutum alherinka a fuska. Akwai ta mita, irin wadda ba ta ciwo sai dai ta hana ka sakat. Akwai ta wanke mutum tas a gaban jama'a. Akwai kuma ta bayan ido, wadda asalinta feɗewa ce, a sule wa mutum fata kamar zomo alhali yana can yana harkarsa bai sani ba. Na cika allo har na koma rubutu a gefe.

Wani dattijo Baholande, Joost, wanda ya yi ritaya ya zo ƙasarmu neman rana, ya ɗaga hannu.

"Malama, duk waɗannan ana amfani da su kuwa?"

"A gidanmu, kafin a kwashe kwanukan rana."

Ya sunkuya ya rubuta. Duk abin da na faɗa sai ya rubuta.

Ba wasa nake masa ba. Kowace kalma a allon nan tana da mai ita a gidanmu. Mama, Chelo, ita ce ke riƙe da gori, tana iya tuna miki zazzaɓin da ta yi jinyarki kina shekara huɗu, har da ranar da sa'ar. Goggo Fina, ƙanwar Baba, ita ce mahauciya, feɗewa aikinta ne. Baba kuwa, Batiste, manomin shinkafa, shi alƙali ne. Ba ya doguwar shari'a sai a kan abu ɗaya, za mu zo kansa.

Abin da ban rubuta a allo ba, don babu shi a manhaja, shi ne wannan: a gidanmu baƙo kawai ake yabo. Wanda yake namu, a fuskarsa ake gaya masa. Mijin yayata, Ximo, ranar da Baba ya ce masa "kan jaki" a gaban kowa, washegari yayata ta je gwada rigar aure. Ni kuwa shekara shida da suka wuce na kawo wani likitan haƙori, Baba ya raka shi har bakin mota, ya dawo ya ce, "Mutumin kirki ne ƙwarai." Mama ta dafa kafaɗata kamar mai ta'aziyya. Ba a yi wata ba maganar ta mutu.

Sai kuma batun faranti. Duk Lahadi Baba ne ke dafa shinkafa a bayan gida, kan wutar itacen lemo, a kasko mai faɗin tayar mota. In ta dahu sai a ɗora kaskon a tsakiyar tebur, kowa ya ɗauki cokalinsa na katako, wanda aka ƙona harafin sunansa a jikin mariƙin, ya ci daga gabansa. Ba a tsallake iyaka, ba a juya kasko don neman ɓangare mai nama. Baƙo shi kaɗai ake zuba wa nasa daban, a farantin tangaran na auren Mama mai zaren zinariya a baki, da cokalin ƙarfe mai walƙiya.

Lahadi huɗu ke nan ina kai Fermín. Lahadi huɗu yana cin shinkafa a tangaran.

"Sannu da zuwa, yallaɓai," in ji Baba.

"Kai dai kullum fes," in ji Mama.

"Ga ladabi," in ji Goggo, tana fifita.

A hanyar komawa sai ya ce min, fuskarsa har sheƙi take, "Iyayenki akwai karamci. Kin ga irin farantin da suke ba ni kuwa?"

"Na gani," nake cewa, in juya ina kallon gonaki.

Kafin mu shiga gari saƙon muryar Goggo ya iso wayata, minti huɗu, wani lokaci biyar. Sai na shiga banɗaki nake saurara. "Nuria, wannan naki, tauna yake ko ƙirga shinkafar yake? Zama yake kamar wanda ya zo auna mu a yi mana akwatin gawa. Ni dai ban ce komai ba."

Na san abin da za ku ce. Me ya sa ban gaya masa ba? To ga ikirarin da na zo yi, ku gyara zama.

Wata goma sha ɗaya muna tare, mutumin nan bai taɓa kushe ni ba ko sau ɗaya. Na sa shi jira minti hamsin a ƙofar silima, ya ce ya samu damar karanta jarida. Na ƙona masa riga da dutsen guga, ya ce da ma ta tsufa. A watan Maris wata mai gyaran gashi ta yi min aika-aika, na fito kamar tunkiyar da ta kuɓuce ana tsakiyar yi mata aski, ya dube ni ya ce, "Ya yi miki kyau." Mutumin da sana'arsa gano kuskuren giram biyar a sikelin mai tumatir! Ko dai makaho ne, ko kuwa ni ma farantin tangaran yake miƙo min. Tunanin da nake yi ke nan kwana ashirin da uku. Na yi digiri biyu, na san wannan ba lafiyayyen tunani ba ne. Sanin bai hana ni komai ba.

Saura abu ɗaya ku sani. A watan Fabrairu shanyewar jiki ta ɗan taɓa Baba ta sake shi. Ya warke, sai dai hannun dama yana rawa, kuma da hannun dama ake zuba gishiri. Da can teburin Lahadi kotu ne. Ximo ya ce ruwa ya yi yawa, Goggo ta ce zomon ya mutu da tsufa, Mama ta ce ubanta ya fi shi iya wuta, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kayar, yana ci yana dukan tebur. Tun da ya dawo daga asibiti kuwa, kowa sai ya kai loma, ya kora da ruwa, ya ce, "Ta yi daɗi, Baba." Shi kuma ya yi cokali uku ya ajiye. Babu wanda ya shirya hakan. Mun dai wayi gari mun mayar da shi baƙo a gidansa, faranti ne kawai ba mu ba shi ba.

Ranar Juma'a ina tsakiyar gyaran takardun ɗalibai saƙo ya shigo.

Fermín: Na kira Baba. Na roƙe shi ya bar ni in dafa shinkafar Lahadi.

Ni: Ka yi me?

Fermín: Kwana goma ina gwadawa a gida. Maƙwabta sun gaji da karɓa.

Ni: Me ya ce maka?

Fermín: Ya ce abin alfahari ne a gare shi.

Na kifa wayar a kan tebur. Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya taɓa kaskon nan sai Baba. Da ya ɗauki Fermín da muhimmanci, da ya ce masa ya je ya fara koyon dafa ƙwai. Na ɗauki wayar na rubuta masa dogon bayani, faranti da komai da komai. Na karanta, na goge. Na tura masa hoton babban yatsa.

Yau da safe ya zo ɗauka ta cikin farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana iya yanka. A kujerar baya ga sabon gyauton girki shuɗi, layin ninkin kanti bai ma fita ba, ga jakar sikeli, ga ɗan littafi. Ni na sa rigata rawaya mai ɗigon fari, da takalmin igiya.

Mama ta tare mu a ƙofa cikin rigar zaman gida mai furanni, hannunta duk tumatir.

"Wannan rigar kuma? Sau nawa zan gaya miki tana mayar da ke kamar mai ciwon shawara? Kin rame. Ko ƙiba kika yi? Wani abu dai ya lalace." Ta sumbace ni a kunci biyu, ta juya. "Yallaɓai, sannu da hanya. Kai dai kullum fes."

A bayan gida Baba yana zaune ƙarƙashin ɓaure, ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa kamar mai tsoron kada su gudu. Goggo tana gefe cikin baƙaƙen kaya. Shekara goma sha ɗaya tana takabar mijin da ba ta taɓa faɗin alherinsa ba yana raye. Ximo ya jingina da bango kusa da yayata yana cin zaitun, da fuskar wanda ya samu kujerar gaba a wasan da bai biya ba.

Gaskiya Fermín ya fara da kyau. Ya daidaita kaskon har man ya tsaya a tsakiya. Ya soya kaza da zomo sai da suka yi ja, ya zuba koren wake da farin wake, ya zuba tumatir. Sannan ya buɗe jaka ya fito da sikeli.

Baba, wanda ke auna shinkafa da ido, ya ja ta a kasko kamar kunyar gona, ya kalli sikelin nan ya haɗiyi yawu.

"Dabara ce mai kyau, yallaɓai."

Fermín ya auna giram ɗari-ɗari na mutum bakwai. Ya auna ruwa da kofi mai lamba. A gidanmu ƙusoshin mariƙin kasko ake kallo, in ruwa ya taɓa su ya isa.

"Ilimi ke nan," in ji Baba. Wata jijiya ta fito a wuyansa.

"Kamar a asibiti," in ji Goggo. "Tsaf-tsaf."

Na tsaya riƙe da kwandon burodi ina ji ana yabonsa kamar ana zuba ƙasa a kabari. Na ce a raina shi ke nan, Nuria, gobe mutumin nan zai tafi Soria da kyakkyawan zato game da danginki, ke kuma ki koma allo.

Aka zuba shinkafa, aka baza ta. Wuta ta fi ƙarfi ta gefen katanga. Bayan kamar minti goma gefen ya fara bushewa, ɗayan gefen yana iyo. Fermín ya duba littafinsa, ya duba agogo, ya duba kaskon. Sai ya ɗauki babban cokali, ya nutsa shi, ya juya shinkafar. Ya sake juyawa, a hankali, da kulawa, daga wannan gefe zuwa wancan.

Maficin Goggo ya tsaya. Ƙwallon zaitun ya tsaya a bakin Ximo. Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san in an baza shinkafa an gama taɓa ta har ta sauka.

Baba ya zaro hannayensa.

"Kai! Kai! Ajiye cokalin nan! Ajiye, na ce, kan jaki! Kunu kake dama mana?"

Ya miƙe, kujerar ta faɗi. Rabon da in ga ya tashi da sauri haka tun bara.

"Wa ya koya maka? A waya ka gani? Kai da wayar ku zo nan! Ka zo min gida da sikeli kamar mai sayar da zinariya, shinkafar da na shuka da hannuna kake aunawa? Ba ka da ido? Ka ga wuta ta karkata, maimakon ka janye itace sai ka hau kan shinkafa, laifin me ta yi maka? Ga ta nan ka kashe ta! Ko ƙanzo ba za mu samu ba yau! Mutum ya kai shekara arba'in da huɗu, gemu ya fara fari, bai san wuta ake gyarawa ba!"

"Ga farar riga a bakin murhu," Goggo ta cafe, a fuskarsa, ba a waya ba. "Kai ɗan nan, ango ne kai ko mai sayar da magani?"

Ximo ya matso ya mintsine ni a hannu. "Kan jaki," ya raɗa min. "Irin nawa sak. Barka."

Mama ta goge ido da bayan hannu, ta shige ɗaki da sauri. Na san inda za ta. Ni kuwa har na fara lissafin wa da wa za a gayyata biki.

Sai na kalli Fermín.

Fuskarsa ta koma kalar rigarsa. Ya ajiye cokalin a hankali. Ya kwance gyauton, ya ninka shi huɗu, ya ɗora a kan kujera. Ya ɗauki sikelinsa.

"Ku gafarce ni, na ɓata muku abinci. Na gode da karamcin da kuka yi min duk tsawon lokacin nan."

Ya ɗan rusuna, ya bi ta ƙofar baya.

Baba ya tsaya da hannu a sama. "Ina kuma zai je? Ban zo kan ruwan ba tukuna."

Na same shi a mota, bakin magudanar da ke kai ruwa gonaki. Abin da ya cece ni shi ne ba ya iya tayar da mota sai ya mayar da sikeli cikin jakarsa yadda ya kamata, kowane dutsen awo a raminsa. Na buɗe ƙofa na zauna. Motar kamar tanda.

"Fermín, tsaya ka ji. Abin da ya faru yanzu, karɓar ka aka yi."

Bai ɗago ba.

Na yi masa darasin da ban yi wa Joost ba. Na gaya masa na Ximo, na gaya masa na likitan haƙori, na gaya masa Mama cokali ta shiga ɗaukowa. Ina magana ina jin muryata irin ta aji, har da ɗaga yatsa.

Ya rufe jakar, ya ja zif.

"Wato yallaɓai ɗin nan da ake ce min."

"Eh."

"Da farantin."

"Na baƙi ne."

"Na ɗauki hotonsa, Nuria. Na tura wa innata a Soria. Ta nuna wa maƙwabta."

Na juya ina kallon magudanar.

"Kuma kin sani. Lahadi huɗu kina zaune kusa da ni kina kallo ina godiya."

"Ai kai ma haka kake min!" Ban san lokacin da ta fito ba. "Wata goma sha ɗaya, komai na yi ya yi kyau. Ta ina zan san ba ladabi kawai kake min ba?"

Ya juyo ya dube ni kamar sikelin da ya kama da maganaɗisu a ƙasa.

"A gidanmu," ya ce, "in mahaifina ya kushe abu sau ɗaya, an gama da abin har abada. Shekara tara bai yi magana da ƙaninsa ba saboda kalma guda. Mu abin da muke so ba ma taɓa shi da baki. Amma tunda abin da kike nema ke nan, to."

Ya gyara zama, ya kama sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba.

"Ke matsoraciya ce. Kina ɓoye tsoron a cikin baƙar magana, mutane su ɗauka wayo ne. Ba na gama jimla sai kin gyara min ita. Kina makara ki ce bas ce, alhali makullin mota yana hannunki. Kafin mutum ya zauna kin gama yanke masa hukunci, har da ɗaukaka ƙara. Kina cewa Goggo mahauciya ce, ke ce magajiyarta, wuƙarki ce kawai ta je jami'a. Askin nan na watan Maris kuwa, sati biyu ina kallon goshinki kawai don kada in yi dariya."

Jama'a, an taɓa rubuta min waƙa. Wani ya taɓa tsayawa ƙarƙashin tagata da jita har maƙwabta suka watsa masa ruwa. Babu wanda ya taɓa sace min zuciya irin na yau.

"Mafi muni kuma," ya ci gaba, "tsohon nan. Wata uku kuna cin gishiri kuna ce masa ta yi daɗi. Na ga hannunsa tun ranar farko, shi ya sa na nemi in karɓi girkin. Na ɗauka tausayi ne ya sa kuke shiru. Yanzu kin gaya min abin da yabo yake nufi a gidanku. Kuma shi ya fi kowa sani."

Wannan ba ta yi daɗi ba. Ta shiga inda ya kamata ta shiga, ta zauna.

"Eh," na ce.

"Eh me?"

"Eh, zan aure ka."

Ya zare makullin daga jikin mota.

"Ban sake tambaya ba."

Ya fita, ya rufe ƙofa a hankali, ya nufi gidanmu. Na bi shi a baya, igiyar takalmina ɗaya ta kwance.

An riga an ɗora kaskon a tebur. Shinkafar ta caɓe, ta haɗe jikinta kamar siminti. Kowa yana zaune babu mai ci. Farantin tangaran yana wurinsa, Mama tana tsaye a bayan kujerar riƙe da sabon cokalin katako, ga harafinsa a jiki, baƙi ƙirin.

"Yaushe aka yi wannan?" na raɗa mata.

"Tun Lahadi ta biyu na sa aka ƙona. Ubanki nake jira ya buɗe baki. Ɗaure takalminki, kamar mahaukaciya."

Fermín ya zauna. Ya ɗauki farantin da hannu biyu ya miƙa wa Mama, ya karɓi cokalin. Ya ɗebo daga gabansa, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar.

"Gaskiyarku ne, Baba. Ta mutu."

"Ai na faɗa," in ji Baba.

"Amma taku ta makon jiya, da ta wancan makon, da ta kafin shi, gishirinta zai iya kashe doki. Kwana nake ina shan ruwa. Itacenku kuma ɗanye ne ta gefen katanga, shi ya karkatar min da wuta."

Na ji Goggo ta ja numfashi. Yayata ta kama hannun Ximo. Baba ya sunkuya yana kallon hannunsa na dama da ke rawa a kan tebur, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dunƙule shi ya daki teburin, kofuna suka yi tsalle.

"Ɗanye? Itacena? Itacen da na sara tun kana can kana auna kifi? Chelo, kina jin yaron nan?"

"Gishirin dai gaskiya ya faɗa," in ji Mama. "Ubana bai taɓa—"

"Ubanki! Ubanki da ke dafa shinkafa kamar mai wanki!"

"Zomon ma na makon jiya," in ji Goggo, "ina jin tare muka yi makaranta."

Daga nan ban ƙara jin muryar kowa daban ba. Baba ya ci gabansa tas, ya tsallake iyaka ya shiga na Ximo, yana ci yana bayanin yadda abin ba ya ciyuwa. Ya yanke hukunci cewa Lahadi mai zuwa shi zai tsaya a kan wuta, wannan kan jakin ya riƙe gishiri, tunda awo ne kawai abin da Allah ya ba shi. Fermín bai ce to ba, bai ce a'a ba. Da aka tashi ya wanke cokalinsa da kansa, ya goge, ya tsaya da shi a hannu a gaban aljihun kabad ɗin da muke ajiye namu. Mama ta kira ni in kwashe kofuna, ban ga ko ya saka ko aljihunsa ya mayar ba. Na so in koma in buɗe. Ku tuna abin da ya kira ni a mota.

A hanya bai yi magana ba sai sau ɗaya, da ya ce in sauke ƙafata daga kan jakar sikeli. Ya ajiye ni a ƙofar gida da la'asar, ya ce in gaida ɗalibai.

Na yi wanka, na shayar da shukokin baranda, na jera takardun gobe. Na riƙe kaina har ƙarfe shida, sannan na rubuta.

Ni: Gobe me za ka ce musu a ofis?

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

Fermín: Ina tunani.

Na cancanci wannan, ban musa ba. Na ajiye wayar, na ɗauko rigar da na cire zan rataye. Sai ta sake ƙara.

Fermín: Rigar nan rawaya kuma, Mama ta yi gaskiya. Kada ki sa ta ranar Lahadi.